Daga Helsinki Zuwa Shara Mansur: Yadda Buɗaɗɗiyar Manhaja Ta Shiga Kasuwa

Shimfiɗa

Duk wanda ya yi sayayya a wani babban shago a Makka cikin 'yan shekarun nan, a Aziziyya ne ko a Shara Mansur ko a kantunan da ke ƙarƙashin otal-otal na gefen Harami, ya san 'yar farar takardar nan da injin kashiya ke fitarwa, wadda muke kira fatura. A ƙasanta akwai wani ɗan zane mai kusurwa huɗu, baƙi da fari, wanda ake haskawa da waya. Yawancinmu dunƙule ta muke yi mu jefar tun kafin mu kai bakin ƙofa. To amma bayan wannan takarda akwai tarihi na sama da shekara arba'in, kuma da yawa daga cikin manhajojin da suka yi aiki kafin ta fito, waɗanda suka rubuta su ba su taɓa karɓar ko halala ɗaya daga hannun mai shagon ba.

Wannan tarihi nake son mu bi a yau. Ni ɗalibi ne mai karatun kwamfuta a wajen ƙasa, amma haifaffen Makka ne, don haka zan yi ƙoƙarin jawo zancen ya iso har unguwanninmu. Abin da na fahimta shi ne, 'yan kasuwa ba don ƙaunar 'yanci suka rungumi irin wannan manhaja ba. Araha ce ta ja su, da doka, da kuma tsoron kada kamfani ɗaya ya riƙe musu wuya. Sannan duk abin da ka samu a cikinta, to wani ne ya zauna ya saka shi. Abin da ba a saka ba kuwa babu shi, ko da mutum miliyan nawa ne ke buƙatarsa. Nan ne maganar ta shafe mu.

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Kowace manhajar kwamfuta fuska biyu gare ta. Akwai rubutun da ɗan Adam ya zauna ya yi da ɗaya daga cikin yarukan kwamfuta, wanda duk mai ilmin abin zai karanta ya gane. Shi zan riƙa kira tushe. Sai kuma abin da ake samu bayan an juya wannan rubutu zuwa lambobin da na'ura kaɗai ke fahimta. Yawancin kamfanoni na biyun suke sayar maka, tushen kuwa yana kulle a wurinsu.

Mu ɗauki misalin tsire, wanda kakanninmu suka kawo Hijaz har Larabawa suka karɓe shi suna ce masa siriya. Mai tsire zai sayar maka da tsinke goma, amma ba zai gaya maka haɗin yajinsa ba. In gishiri ya yi yawa sai dai ka yi haƙuri, ko ka sake mai tsire. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce a ba ka tsiren, a haɗa maka da bayanin yajin a rubuce, a kuma ba ka izinin ka ƙara citta, ka rage barkono, kai har ka kafa taka tukubar ka sayar. Larabawa na ce mata maftuhatul masdar. A lura fa, ba a ce dole kyauta ce ba. An dai ce tushen a buɗe yake, kuma lasisin ya halatta maka ka duba, ka gyara, ka rarraba.

Asalin lamarin

A farkon zamanin kwamfuta, shekarun 1950 da 1960, ƙarfen ake saye da tsada, manhaja kuwa gyara ce ake ɗora maka a kai, kuma masana suna musayarta a tsakaninsu. A 1969 kamfanin IBM ya fara raba kuɗin manhaja da na na'ura. A 1976 Bill Gates, yana ɗan shekara 20, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana zargin masu kwafar manhajar kamfaninsa da sata. Kafin a kai tsakiyar shekarun 1980 kulle tushe ya zama ruwan dare.

Wani masani a jami'ar MIT ta Amurka mai suna Richard Stallman ya ƙi yarda da haka. A 1983 ya shelanta cewa zai gina cikakkiyar babbar manhaja, ya'ani wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta, wadda kowa ke da 'yancin gyarawa, ya sa mata suna GNU. A 1989 ya fitar da lasisin GPL mai sharaɗi guda mai nauyi: ka ɗauka, ka gyara, ka sayar in ka so, amma duk wanda ka miƙa wa, dole ka ba shi tushen shi ma da irin 'yancin da ka samu. Ba ka da ikon shiga ka rufe ƙofa a bayanka.

Abin da ya rage wa GNU shi ne ƙwayar tsakiya, wadda ke magana kai tsaye da ƙarfen na'ura. A watan Agustan 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ɗan shekara 21, ya sanar cewa yana rubuta irin wannan ƙwaya don sha'awa kawai. A 1992 ya sa ta ƙarƙashin GPL. Ita ce Linux. Ku duba shekarunsa da kyau, sa'an yawancinmu ne masu karanta wannan mujalla.

Yadda 'yan kasuwa suka shigo

Da farko manyan kamfanoni kallon wasan yara suka yi wa abin. Ta ƙofar baya ya shiga musu. Injiniyoyinsu na buƙatar uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet tana miƙa shi ga masu ziyara, kuɗin sayen na'urorin Unix kuwa ba kaɗan ba ne. Sai su ɗauki kwamfuta mai araha su ɗora mata Linux da manhajar Apache, wadda ta fito a 1995, su ci gaba da aiki, sau da yawa manaja bai ma sani ba. Zuwa 1996 Apache ta fi kowace irinta yawan shafukan da take ɗauke da su a duniya.

Shekarar 1998 ce ta sauya lissafi. Kamfanin Netscape, da ya ga Microsoft na neman binne shi a kasuwar manhajar shiga intanet, ya saki tushen tasa manhajar ga kowa. Daga wannan zuriya Firefox ta fito. A watan Fabrairun shekarar aka yi wani zama a Palo Alto, inda Christine Peterson ta kawo shawarar sunan da ke nufin buɗaɗɗen tushe. Dalili kuwa na kasuwa ne zalla: kalmar Ingilishi da Stallman ke amfani da ita tana nufin 'yanci tana kuma nufin kyauta, ɗan kasuwa kuma da ya ji kyauta sai ya ce araha ba ta ado. Stallman bai taɓa yarda da sabon sunan ba, don a ganinsa an jefar da aƙidar an riƙe ribar.

Sai tambayar da kowane ɗan kasuwa zai yi: yo ta ina ake cin riba da abin da kowa zai iya ɗauka? Kamfanin Red Hat ya ba da amsa. Bai dogara da sayar da manhajar ba, sai ya sayar da kwanciyar hankali: ka biya duk shekara, mu tabbatar ta yi aiki, mu toshe ɓaraka, in ta lalace da tsakar dare akwai wanda zai ɗauki waya. Banki ba kyauta yake nema ba, wanda zai kama in abu ya ɓaci yake nema. Red Hat ya shiga kasuwar hannun jari a watan Agustan 1999. A ƙarshen 2000 IBM ya sanar zai kashe dala biliyan 1 a kan Linux a shekara mai zuwa. A 2001 Amazon ya bayyana cewa kuɗin da yake kashewa a fasaha ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a wata uku, kuma komawa Linux na cikin dalilan. A shekarar dai shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya kwatanta Linux da ciwon daji. Ruwa ba ya tsami banza, ya ga inda kasuwa ta dosa.

A 2008 wayar farko mai Android ta fito, Android kuwa a kan ƙwayar Linux aka gina ta. Daga watan Nuwamban 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya Linux suke amfani da ita. Microsoft ɗin nan ya shiga Gidauniyar Linux a 2016, a 2018 kuma ya sayi GitHub, babbar matattarar masu buɗaɗɗiyar manhaja, a kan dala biliyan 7.5. A 2019 IBM ya kammala sayen Red Hat a kan dala biliyan 34.

Larabci ya tsaya a bakin ƙofa

Duk wannan a Turai da Amurka ake yi. A nan fa? Yayyenmu da suka taso a shekarun 1980 kwamfutar Sakhr suka sani, ta kamfanin Al-Alamiyya na Muhammad al-Sharikh ɗan Kuwait, wadda ke magana da Larabci. Daga baya Windows mai Larabci ta mamaye ko'ina. Intanet ba ta buɗe ga jama'a a Saudiyya ba sai farkon 1999, ta hannun Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdul'aziz da ke Riyad, wadda aka fi sani da KACST.

Abu biyu suka hana Linux shiga shagunanmu a lokacin. Na farko, hujjar araha ba ta ci ba, don kowa ya san inda ake samun faifan kwafi da 'yan riyaloli. Me zai kai ka ga koyon sabon abu alhali wanda ka saba da shi ma kusan kyauta ne? Sai da aka sabunta dokar haƙƙin mallaka a 2003, ƙasar kuma ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a watan Disambar 2005, sannan kamfanoni suka fara jin tsoron a kama su da kwafi. Na biyu, wanda ya fi girma, Linux ba ta iya Larabci ba. Ka rubuta kalma, haruffa su fito a warwatse, ba wanda ya riƙe ɗan uwansa, kuma daga hagu zuwa dama. Wane mai shago ne zai miƙa wa kwastoma takarda irin wannan?

Masu sa kai ne suka ɗauki babban kaso na wannan aiki. A 2001 wasu matasa, cikinsu har da Muhammad Elzubeir da Nadim Shaikli, suka kafa ƙungiyar Arabeyes, suka shiga bin manhajoji ɗaya bayan ɗaya suna koya musu Larabci, suna fassara, suna tara ƙamus na kalmomin fasaha. KACST ta saki jerin fasalin haruffanta ƙarƙashin GPL, suka shiga Debian da Ubuntu. Behdad Esfahbod, ɗan asalin Iran, ya jagoranci HarfBuzz, manhajar da ke tantance siffar da kowane harafi zai ɗauka a farkon kalma ko tsakiya ko ƙarshe. Sunan ma daga Farisanci ne, harf ɗin nan shi ne harafinmu, ɗaya rabin kuma na nufin buɗaɗɗe. Khaled Hosny ɗan Masar, wanda likitanci ya karanta, ya zana fasalin Amiri bisa haruffan tsohuwar maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira. Yau HarfBuzz na cikin Android da Chrome da Firefox da LibreOffice. Mai karatu, in wayarka Android ce, duk saƙon Larabcin da ka karanta yau ta hannunta ya biyo.

Kalandar Ummul Ƙura

Ga wani misali da ke ɗauke da sunan garinmu. Kalandar Ummul Ƙura lissafi ce da masanan KACST ke yi, kuma tun shekarar 1423 ta Hijira, wato 2002, ƙa'idarta ita ce: ranar 29 ga wata, in an haifi jinjirin wata kafin faɗuwar rana, kuma ya faɗi bayan rana a sararin Makka, to gobe ɗaya ga wata. Tsofaffin manhajoji da yawa kuwa wani lissafi na daban suke bi, mai jera wata 30 da 29 bi da bi, wanda kan saɓa da Ummul Ƙura da kwana ɗaya ko biyu.

Wani zai ce kwana ɗaya me ne ne? To a tambayi wanda iƙamarsa ta ƙare jiya alhali kwamfutar ofis ta ce gobe. Shekaru da dama albashi da kuɗin haya da wa'adin takardu duk da Hijira ake ƙirga su, don haka kowane kamfani sai ya nemi yadda zai yi, ko ya saya ko ya rubuta nasa da kurakuransa. Microsoft ya saka wannan kalanda cikin .NET tun 2005, amma a lokacin sai wanda ke cikin gidansa ke mora. 'Yan Arabeyes sun saka ta cikin tarin manhajojinsu mai suna ITL tare da lissafin lokutan salla. A 2013 ta shiga ICU, buɗaɗɗiyar taskar da manyan kamfanonin waya da na intanet ke ɗibar kalanda da tsarin lambobi daga cikinta. A watan Maris na 2014 Java 8 ta fito ɗauke da ita, daga shekarar 1300 zuwa 1600 ta Hijira. Gaskiya ne gwamnati ta mayar da albashin ma'aikatanta kan Miladiyya a watan Oktoban 2016, a 2023 kuma ta mayar da yawancin harkokin hukuma, amma tsofaffin takardu da ranakun haihuwa da lissafin Ramadan da Hajji suna nan, kuma kasuwar Makka da waɗannan lokuta biyu take numfashi. An yi aikin sau ɗaya, an ajiye inda kowa zai ɗauka, shi ke nan.

Ranar da fatura ta zama dole

Abin da ya tura ƙananan 'yan kasuwa cikin lamarin gadan-gadan shi ne haraji. Ranar 1 ga Janairun 2018 aka fara karɓar dariba ta kashi 5 cikin ɗari a kan kaya, ranar 1 ga Yulin 2020 ta koma kashi 15. Duk wanda cinikinsa ya haura riyal 375,000 a shekara dole ya yi rajista. Daga 4 ga Disambar 2021 Hukumar Zakka da Haraji da Kwastan ta daina karɓar faturar hannu daga masu rajista. Dole na'ura ta fitar da ita, kuma wancan zane na ƙasa ya ƙunshi abu biyar: sunan mai sayarwa, lambar harajinsa, lokacin ciniki, jimlar kuɗi, da adadin dariba. Daga 1 ga Janairun 2023 aka shiga mataki na biyu, inda ake haɗa na'urar shago da ta hukuma kai tsaye. An fara da kamfanonin da cinikinsu ya haura riyal biliyan 3, ana saukowa rukuni-rukuni zuwa kan ƙanana.

Hukumar ba ta ce a sayi manhajar wane ba. Ta wallafa ƙa'ida ne bisa wani buɗaɗɗen tsari na duniya mai suna UBL, duk manhajar da ta cika sharaɗi ta shiga. Nan manhajojin lissafin kasuwanci masu buɗaɗɗen tushe suka samu ƙofa. Akwai Odoo, wadda Fabien Pinckaers ya fara a Beljiyam a 2005 da sunan TinyERP. Akwai ERPNext ta kamfanin Frappe da ke Mumbai. Ƙananan kamfanoni a Jidda da Riyad da Makka sukan ɗauke su, su daidaita su da dokar ƙasa, su ɗora wa shaguna, su karɓi ladan aiki. Dabarar Red Hat ce dai a ƙaramin faranti.

Na ga amfanin wannan a gidanmu. Wani kawuna mai sayar wa alhazai turare da dardumai da tasbaha ya yi shekaru da wata rufaffiyar manhajar lissafi da ya saya a hannun wani ƙaramin kamfani. Kamfanin ya rufe, wayarsu ta daina shiga. Da dokar fatura ta zo babu mai sabunta masa ita, bayanan kayansa da na masu bashi kuma suna cikin wani tsari da babu mai iya buɗewa. Da hannu 'ya'yansa suka sake shigar da komai, dare da rana, ana dab da shigowar 'yan Umarar Ramadan. Wadda yake amfani da ita yanzu buɗaɗɗiya ce. Yana biya fa, kada wani ya ruɗe ku: kuɗin ɗorawa, kuɗin uwar garke duk wata, kuɗin gyara. Bambancin shi ne in mai kula masa ya ɓace ko ya tsauwala farashi, zai kira wani ya ɗora daga inda aka tsaya. Shi bai san Stallman ba, ba ruwansa da GPL. Abin da ya sani shi ne daftarinsa ya dawo hannunsa.

Sai dai a yi hattara, ba duk abin da aka kira buɗaɗɗe ne buɗaɗɗe har ciki ba. Tun 2015 Odoo ta kasu biyu, akwai ta jama'a mai buɗaɗɗen tushe, akwai ta kamfanoni da ake biya wadda ke da ƙarin sassa a rufe. Kafin ka sa hannu, tambayi mai ɗora maka wacce ce, kuma ko za ka iya kwashe bayananka ranar da ka ga dama.

Wa ke yashe rijiyar?

Mu mutanen Makka ba baƙi ba ne ga abin da mutum ɗaya zai gina kowa ya sha. A farkon ƙarni na 9 na Miladiyya Zubaida matar Haruna Rashid ta kashe dukiya mai yawa ta jawo ruwa daga Wadi Nu'uman zuwa Arfa. Wannan magudana ta yi aiki sama da shekara dubu, amma ba don an gina ta da kyau kaɗai ba. Sau da yawa ta toshe, ambaliya ta fasa ta, alhazai suka sha ƙishi, sai an samu wanda ya ɗauki nauyin gyara, kamar yadda Mihrimah 'yar Sarki Sulaimanu na Daular Usmaniyya ta yi a shekarun 1560. Masu Linux ta Ojuba, wadda Mu'ayyad al-Sa'adi ya fara fitarwa a Jodan a 2008, sun ga wannan kamanni, har suka rubuta nasu lasisin suka sa masa suna Waƙafi.

To matsalar waƙafi ita ce masu sha sun fi masu yasa yawa. A watan Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka da aka kira Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin bayanai tsakaninka da dubban bankuna da shagunan intanet. Da aka bincika sai aka tarar gudummawar da masu kula da ita ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, kuma mutum ɗaya ne tak ke aikinta cikakken lokaci. Kunya ta sa manyan kamfanoni suka haɗa asusu. A watan Disambar 2021, kwanaki kaɗan bayan fara dokar fatura, aka sake samun irin haka a Log4j, wadda 'yan sa kai ƙalilan ke riƙe da ita. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa cikin manhajar xz, bayan wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara biyu yana samun amincewar mutum ɗaya da ya gaji da ɗaukar nauyinta shi kaɗai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanoni sun daɗe suna cin ladan, askin ne suke wa nawa.

Ina Hausa a ciki?

Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, amma muka shafe shekaru muna rubuta k' da d' saboda ba allon bugawa, ba fasalin haruffa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi ƙoƙari tun a shekarun 1990 da fasalin Rabi'at. Cibiyar SIL ta fitar da Alkalami a 2017, buɗaɗɗen fasali bisa rubutun ajamin Kano, kuma a 2020 Unicode ta ƙara wasu haruffan da ajamin Hausa ke buƙata. Hausa na cikin shirin Common Voice na Mozilla mai tara muryoyi don na'ura ta koyi jin magana. An fara, amma in ka kwatanta da abin da Larabci ya samu, tafiya na nan gaba. Doka ta ce fatura ta zama da Larabci, ta kuma yarda a haɗa da wani harshe. Alhazan Najeriya da Nijar dubbai ne ke cika shagunan nan kowace shekara, amma ni dai ban taɓa karɓar fatura mai Hausa ba, ban kuma taɓa ganin allon kashiya mai Hausa ba.

Kakannin da yawa daga cikinmu da ƙafa suka zo, ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Sun bar mana Hausa a gida, makaranta ta ba mu Larabci, wasunmu kuma mun ƙaro Ingilishi a waje. Harsuna ukun nan a baki ɗaya ba kowa ke da su ba, kuma su ne ainihin abin da aikin ke nema: ka karanta tushe da Ingilishi, ka ga yadda Larabawa suka warware tasu matsalar, ka saka Hausa.

Akwai kuma maganar da muka fi yi a tsakaninmu fiye da a rubuce. Wasunmu 'yan ƙasa ne, wasunmu an haife su nan, an haifi iyayensu nan, amma har yau iƙama suke sabuntawa, kuma sana'o'i da yawa an keɓe su ga 'yan ƙasa. Masu kula da buɗaɗɗiyar manhaja ba sa tambayar iƙama ko kafili kafin su karɓi gyaranka. In ya yi kyau za su haɗa shi, sunanka ya zauna a tarihin aikin inda duk mai neman ma'aikaci, a Riyad ko Kano ko Kuala Lumpur, zai gani da idonsa. Ban ce wannan zai warware matsalar takardu ba, ba zai warware ba. Amma shaida ce ta ƙwarewa da ba wanda zai ƙwace maka. Ita ma gwamnati a 2021 ta amince da ƙa'idojin buɗaɗɗiyar manhaja ga hukumominta, don haka masu wannan ilmi za a ci gaba da nemansu.

Kammalawa

Ba sai ka iya rubuta manhaja za ka fara ba. Wanda Hausarsa ta nuna ya ɗauki sashe ɗaya na wata manhajar kasuwanci ya fassara, ko da allon kashiya ne kawai, ya zauna da dattawan kasuwa ya ji me suke ce wa bashi da ragi da sari da uwar kuɗi, kada ya ƙirƙiro abin da ba wanda zai gane. Mai murya ya ba da minti goma a Common Voice. Wanda ya ga ƙ ta koma akwati a wata manhaja ya aika musu rahoto maimakon tsaki. 'Yar uwa mai karatun akanta ta gwada ERPNext a kan lissafin shagon gidansu. Mai shagon da ke cin moriya kuma ya tuna da masu yasa, ko da riyal ɗari ne a shekara. Haka 'yan Arabeyes suka fara a 2001, ba su da ofis ba su da jari, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya sa mu dace.